Mussa ta ji rauni a gidanka, mi za ka yi mata?



'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan mussa ne, wadda mutanen Kano da Zariya ke kira mage ko kyanwa. Na san wani zai ce, "Malam, duk matsalolin da ke damun jama'a, sai mussa?" To ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Cikin wannan magana akwai wuta da aljanna, akwai tsarki da najasa, akwai kuma ran ɗanka da ke wasa da ita a tsakar gida.

A nan Sanyinna da ƙauyukanmu na ƙasar Tambuwal har zuwa Kebbe, da wuya ka shiga gida mai rumbu ka rasa mussa. Ita ke gadin gero da dawa da dare muna barci. Ɓeran da take kora ba hatsi kaɗai yake ɓatawa ba, domin wani nau'in ɓera shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma yana sa wa mutane ita ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Amma ran da mussar nan ta dawo gida tana ɗingishi, jini na zuba, abin da ake yi mata ɗaya ne cikin biyu. Ko a kore ta da tsintsiya don kar ta ɓata tabarma, ko a yi mata maganin da ya fi ciwon muni. Na biyun nan shi ya fi damuna, don masu yin sa da kyakkyawar niyya suke yi.

Bari mu fara aza harsashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an yi wa wata mata azaba saboda mussa. Ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ku lura, ba a ce ta doke ta ba. Tsarewa ce da sakaci. A ɗaya ɓangaren kuma, su biyun dai sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, amsar da Manzon Allah (SAW) ya ba su ta game duk wani mai rai. Shi kansa mai ruwayar, mafi yawan malamai sun tafi a kan sunansa Abdurrahman ɗan Sakhr ne, amma duniya ta san shi da alkunyar 'yar mussar da yake ɗauka.

Wani abu a gefe: labarin da ke yawo a wayoyi, wai Annabi (SAW) ya yanke hannun rigarsa don kar ya tashi wata mussa mai suna Mu'izza, babu shi a littattafan hadisi da ake dogara da su. Ku daina yaɗa shi. Abin da ya inganta ya ishe mu. Kuma Musulmin farko sun fahimci abin da kyau, har masu tarihi suka ambaci cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don a riƙa ciyar da mussoshin da ba su da mai su.

To, yanzu ga ta nan ta shigo da rauni. Kafin ka taɓa ta, ka tsare kanka. Mussar da ke jin zafi ba ta san maigida ba, tana iya cizon hannun da ke ba ta fura kullum. Kori yara daga wurin tukuna, a rufe ƙofar ɗaki, a daina hayaniya. Samo tsohon zani mai kauri ko tawul, ka lulluɓe ta gaba ɗaya, ka naɗe ƙafafun ciki, ka bar wurin ciwon kaɗai a waje. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na riƙo, ɗaya na wanki. Sa safar hannu ta roba irin ta kemis, in babu ka zura hannunka cikin leda mai tsabta ka ɗaure a wuyan hannu. Wannan ledar ba ƙyama ba ce, zan faɗi dalilinta in mun zo kan cizon kare. In ta ƙi yarda, tana huci tana kai yakushi, kar ka yi kokawa da ita. Kifa mata kwando ko ka sa ta cikin kwali mai huji, ka nemi malamin dabbobi.

In jini na zuba, shi ne farko. Ninka ƙyalle mai tsabta ka danna a kan ciwon minti 5 ba ɗagawa. Mutanenmu suna da garaje, bayan daƙiƙa kaɗan a ɗaga a leƙa, sai jinin da ya fara daskarewa ya sake ɓallewa. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kansa, kar ka cire na ƙasa. Kar a ɗaure ƙafa da roba ko igiya tam, don in jini ya daina kaiwa ƙafar tana iya mutuwa. In an kai minti 10 ana dannawa bai tsaya ba, ko kuwa yana tsartuwa, aikin ya wuce na gida.

Da jini ya tsaya, sai a rage gashin da ke kewaye da ciwon da almakashi, a hankali, don a ga girman abin, don kuma gashi kar ya manne a ciki. Ban da reza.

Ruwan wankin ba shi da tsada ko kaɗan. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Juye ta a tukunya mai tsabta, a tafasa, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsiri ba, a bari ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Wannan haɗin ya yi kusa da gishirin da ke cikin jini, shi ya sa ba ya zafi sosai kuma ba ya ɓata naman da ke ƙoƙarin haɗewa. In ka zuba gishiri da yawa wai don ya fi ƙarfi, azaba kawai ka ƙara mata. Wanda ke kusa da kemis yana iya sayen ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, shi ne ma asali. Sai a sami sabon sirinji, a cire allurar a jefar inda yaro ba zai gani ba, a riƙa zuƙo ruwan ana fesawa cikin ciwon har ƙasa da yashi da gashi su fita. A maimaita sau da yawa, yawan ruwan shi ne maganin. Kar a dirje, kar a cusa auduga, don zarenta na maƙalewa. A tsane gefen da ƙyalle mai tsabta.

In akwai aidin irin mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, wanda ba ya zafi, a ɗiga shi cikin ruwa har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, a ɗauraye ciwon da shi. Iyakar abin da ake bukata ke nan ga ƙaramin rauni: sau 2 a yini, kwana 3 zuwa 5, a ajiye ta a ɗaki mai tsabta inda ƙuda ba ya yawa, da ruwan sha da abinci kusa.

Yanzu ga inda nake son uwargida da maigida su buɗe kunne. Mussa ba ƙaramin mutum ba ce, ba kuma akuya ba ce. Allah ya halicci hantarta da rauni wajen narkar da wasu sinadarai waɗanda hantar mutum ke fitarwa cikin sauƙi. Sannan komi ka shafa mata a jiki sai ta lashe. Saboda haka duk abin da ka sa a ciwonta, ka ɗauka a baki ka ba ta.

Farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol, guba ne gare ta. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta. Yana lalata jininta ya kasa ɗaukar iska, sai ka ga dasashinta ya yi duhu, fuska ta kumbura, tana haki. Sau nawa tausayi ke sa a murƙushe rabin ƙwaya cikin madara, "don zafin ya sauka mata", washegari a wayi gari ta mutu a ce ciwon ne ya kashe ta? Haka sauran magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen da asfirin, kar a ba ta ko ɗaya. Dettol da Izal, da muke ganin su ne sarakunan tsabta, suna da sinadarin da ke cutar da mussa, ko ta fata ko ta lasa. Sifirit da wannan ruwan da ke kumfa in an zuba a ciwo suna ƙone sabon nama, su jinkirta warkewa.

Sai namu na gargajiya. Baƙin mai na babur, kananzir, toka, ƙasar murhu, garin batir, kashin shanu. Wanga duk na ji ana yi, wai don ƙuda. Baƙin mai da kananzir guba ne in ta lashe, ƙasa da kashin shanu kuwa ƙwayoyin cuta kake kai wa ciwon da hannunka. Mafi muni shi ne a ga tsutsa a ciwo a ɗiga Sniper ko otafiyafiya, ko maganin kaska da ake wanke shanu da karnuka da shi. Wasu daga cikin magungunan kaskan nan, ɗan kaɗan ya isa ya sa mussa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. In tsutsa ta shiga, a wanke da ruwan gishiri, a tsince waɗanda ake gani da hantsaki mai tsabta, a kai ta wurin likitan dabbobi don waɗanda suka nutsa ciki. Lalas kuma kar ma a fara. Wanda ya tuna hadisin Jabir a cikin Muslim, inda Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa tambarin wuta a fuska ya la'anci wanda ya yi, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗora wa dabba ƙarfe mai zafi alhali ga ruwa da gishiri.

Za a tambaye ni zuma. Zuma mai kyau tana taimaka wa ciwo marar zurfi, likitoci ma suna amfani da wata irinta da aka tace. Sai dai bayan wanki ake shafa ta, ɗan siriri, kuma ta kasuwa da aka haɗa da sukari ba abin da za ta jawo sai tururuwa. Ba a kuma ɗura ta cikin rami mai zurfi.

Naɗe ciwo da bandeji, ni ban cika ba da shawararsa ga wanda bai iya ba, don yawanci ana matsewa fiye da kima. Ƙaramin ciwo ya fi son iska. In ta dame shi da lasa, a yanka kwali mai laushi a yi mata kamar mazurari a wuya, a bar sarari yadda yatsu biyu za su shiga.

Ƙuna ma tana yawa a gidajenmu, kuma kowa ya san daga ina take. Mussa ta ɗauke kifi ko tsokar nama, a bi ta da ruwan zafi. Uwargida, ki ji tsoron Allah. Rufe tukunya ya fi sauƙi a kan amsa tambaya ranar lahira. In abin ya riga ya faru, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 10 zuwa 20, ban da ƙanƙara, ban da manja, ban da makilin ko ɗanyen ƙwai, sannan a nemi likita, don ƙuna a ƙarƙashin gashi ta fi yadda ake ganinta. Yaran da ke auna mussa da danƙo ko dutse kuwa, iyayensu su gaya musu cewa Ibn Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Maganar wai baƙar mussa mayya ce, don haka a farfasa mata kai, ba ta da wurin zama a shari'a. In kana tsoron wani abu a gidanka, ga azkar na safe da maraice.

Raunin da ya fi yaudara shi ne na cizo. Mazan mussoshi suna faɗa da dare, haƙorinsu kamar allura yake, yana shiga da zurfi ya bar ɗan huji wanda ke rufewa cikin kwana ɗaya. Ka duba ka ce ba komi. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai wurin ya kumbura ya yi zafi, ta daina cin abinci, ta ɓuya a bayan randa. Mugunya ce ta taru a ciki. Kar ka matse, kar ka tsaga da reza. Ɗumama wurin da ƙyalle mai ɗumi, in ya fashe da kansa a wanke da ruwan gishiri, amma irin wannan yana son maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda likitan dabbobi zai auna daidai nauyinta. Kafso ɗin mutane da ake buɗewa a barbaɗa a ciwo ba ya kaiwa can ciki.

Haka duk ciwon da ya buɗe har ana ganin nama ko ƙashi, ko yake a ido, ko ƙirji, ko ciki, ko babur ya taka ta, ko ƙafa ta karye tana lilo, ko ana zaton maciji ne, ko ta yi kwana 2 ba ta ci komi ba. Waɗannan a danne jini kawai a tafi. A tambayi ma'aikatan sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, su da makiyaya ke kira in saniya ta kwanta. Wanda abin ya fi ƙarfinsu, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta. Kar ka ji kunyar a gan ka da mussa cikin kwali. In kuwa likita ya duba ya ce ba ta tashi, wahala kawai take sha, malaman Malikiyya sun halatta a gaggauta hutar da dabbar da ba a ci in an ɗebe tsammani da rayuwarta. Wannan ya fi a jefar da ita a juji da ranta, tururuwa na cinta.

Mu dawo kan ledar hannu. In kare ne ya ciji mussarka, musamman karen da ba a san mai shi ba ko wanda ake cewa ya haukace, miyaunsa na iya kasancewa a kan ciwon da gashinta, kuma in kana da tsaga ko ƙurji a hannu ƙofa ce. Ciwon haukan kare, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, amma mussa ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum. Mussar da irin wannan kare ya ciza, a killace ta, a hana yara zuwa kusa, a sanar da malamin dabbobi ran nan. Cutar tana iya ɓoyewa makonni ko watanni kafin ta bayyana. In ta fara dalalar da miyau, ko ta canza hali tana kai wa kowa hari, ko ƙafafunta na baya suka shanye, kar kowa ya sake taɓa ta da hannu.

In kuma kai ta ciza ko ta yakusa wajen wankin, ko wani yaro, abin yi ba ya jiran gobe. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cif, a duba agogo, a sa aidin, a tafi asibiti ran nan a faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, su za su yanke ko ana bukatar allurar haukan kare da ta tetanus. Allurar nan ba sabuwa ba ce. Tun watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Tana aiki ne in an yi ta kafin alamu su fito. Da zarar mutum ya fara tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. A yi tofi, a yi addu'a, ni ma ina yi, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Wanda ya yi umarni da neman magani, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik, shi ne dai ya koya mana addu'ar. Mussar da ta yi cizon kuma, in ta gida ce, a tsare ta ana ba ta ci da sha ana lura da ita kwana 10, a gaya wa likita abin da aka gani. Ko babu haukan kare, cizon mussa a hannu yana saurin kumbura cikin yini ɗaya, kar a raina shi don ƙanƙantar hujin.

Rigakafi ma akwai na dabbobin kansu, ana fara yi musu tun suna wata 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin haukan kare, kuma duk 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da cutar a duniya. Masu karnukan farauta da na gadi, wannan nauyi a wuyanku yake kafin kowa.

Saura tsarki, don na san da an gama wankin za a kira sallah. Jikin mussa mai rai tsarkakakke ne a mazhabar Malik, haka miyaunta da gashinta. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, daga Kabsha 'yar Ka'ab ɗan Malik, cewa surukinta Abu Ƙatada ya karkata wa mussa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, da ya ga tana mamaki ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya kore najasa daga mussa saboda tana cikin masu kai-kawo a gidajenmu. Don haka ruwan da ta sha ana alwala da shi, sai in an ga najasa a bakinta lokacin da ta sa shi. Ɗaukarta ko riƙe ta ba ya warware alwala.

Amma jinin da ya kwarara daga ciwonta najasa ne, haka mugunya, haka fitsarinta da kashinta, kuma tsoro na iya sa ta saki fitsari a jikin mai riƙon. Jini da mugunya an yi rangwame a kan abin da bai kai faɗin dirhami ba, wato gwargwadon baƙin da'irar nan da ke cikin ƙafar gaba ta alfadari. Fitsari bai shiga wannan rangwamen ba, ko kaɗan ne a wanke shi. Saboda haka ka sa tsohuwar riga kafin ka fara, in ka gama ka cire ta, ka wanke hannu da sabulu har gwiwa, zanin da aka naɗe ta da shi a wanke shi daban a shanya a rana, ƙyallayen da suka sha jini kuma a ƙone su ko a binne inda kaji da yara ba za su tono ba.

Wallahu a'alam.